Amsa ga Yaya kan kuɗin TETFund da rajistar yarinya

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na saurari saƙonka tun da safe, ina cikin aji ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce yarinya ta samu gurbi a kwalejin ilimi, kuma wani ya gaya maka gwamnati na zuba wa kwalejoji biliyoyi ta hannun TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, to don me ake neman kuɗin rajista a wajenka, kuma ina ake samun fom ɗin tallafin. Ni dai yadda na ji maganar, abin da kake son sani shi ne za ka biya ko ba za ka biya ba. To ka tanadi kuɗinka. Akwai wata hanya guda, zan zo kanta, amma ba TETFund ba ce.

TETFund ba ta biya wa ɗalibi ko sisi. Ba aikinta ba ne, doka ba ta ɗora mata ba. Duk wanda ya ce ka kawo dubu biyu ya cike maka fom ɗin TETFund na ɗalibai, kuɗinka zai ci, wallahi. Wanda ya ce maka biliyoyi kuwa bai yi ƙarya ba. A 2024 kowace kwalejin ilimi ta gwamnati an ware mata kusan naira biliyan 1.4, kowace poli biliyan 1.1 da ɗoriya, jami'a biliyan 1.9. Kuɗin daga harajin kamfanoni yake fitowa. Asalinsa gwagwarmayar ASUU ce, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta 1992, aka kafa asusun harajin ilimi a 1993, lokacin har firamare da sakandare suna ci a ciki. A 2011 aka yi sabuwar doka aka mayar da shi na manyan makarantu kaɗai. An fara da kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfani, aka kai 2.5, aka kai 3 a 2023. Rabon kuma jami'o'i su ɗauki rabi, poli su ɗauki rubu'i, kwalejojin ilimi rubu'i.

To me ake yi da shi? Gini. Azuzuwa, ɗakin karatu, ɗakin gwaje-gwaje, kujeru, injina, littattafai, sai tura malamai ƙaro karatu da kuɗin bincike. Tallafin karatun da kake ji ana faɗa na malaman makarantar ne, irina, ba na ɗalibai ba. Shi ma na zuwa ƙasar waje an dakatar da shi daga farkon 2025, saboda tsadar dala da kuma waɗanda ake turawa su ƙi dawowa. Albashi babu a ciki. Kuɗin wuta babu. Man janareta, alli, takardar jarrabawa, ruwan ɗakin kwanan ɗalibai, duk wannan na mai makaranta ne, wato tarayya ko jiha. In mai makaranta ya ja baya, wa ya rage? Kai, uban ɗaliba. Kuɗin rajistar da kake gani ke nan.

Kuma nan ne abin yake ƙona mini rai, ku yi haƙuri in faɗa. A makarantar da nake aiki, ba sai na kama suna ba, an gina mana ɗakin koyon aikin ƙarfe. Gini mai kyau, an yi fenti, an manna allo a bango da shekarar da aka yi aikin. Aka kawo injinan sassaƙa ƙarfe sababbi fil. Ranar da aka sauke su daga mota har hoto muka yi. Yaya, injinan nan suna buƙatar wuta mai layi uku, mu kuma taransifomarmu ta daɗe da ƙonewa. Janareta akwai, babba ma, amma mai fa? Ka rubuta takarda ka kai ofis, a ce kuɗin gudanarwa bai sauko daga jiha ba. Ka koma, a ce ka jira ƙarshen wata. Har yau wasu ledar da suka zo da ita ba a cire ba, man da aka shafa musu daga masana'anta ya daskare ya kama ƙura. Ni da kaina nake tsayar da yara a gaban inji ina nuna musu da biro, nan ake ɗaure ƙarfen, nan ake juyawa, su kuma suna zanawa a littafi. Yaro ya gama ND, wato ƙaramar difloma ta poli, a fannin injiniya bai taɓa jin ƙarar injin da aka saya dominsa ba. In ya tafi neman sanin makamar aiki a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, yaron shago ɗan shekara sha biyar ne zai koya masa riƙon abin walda. Wallahi akwai ranar da wani ɗalibina ya ce, Malam, ko mu yi karo-karo mu sayi jarka ɗaya ta mai, ko sau ɗaya mu ga yana juyawa. Suka haɗa kuwa. Yaran da wasunsu da ƙafa suke zuwa makaranta. Ranar na koma gida ban iya cin abinci ba.

Kuma kada wani ya ce TETFund nake zagi. A'a. Ba don ita ba da makarantun jihohi da yawa sun zama kango. Ka shiga kowace kwalejin jiha a Arewa ka zaga, ka karanta allunan da ke jikin sababbin gine-gine, ka ƙirga nawa ne na TETFund nawa ne na gwamnatin jiha. An ga akwai mai yi, sai aka naɗe hannu. Har ta kai ana buɗe sabuwar makaranta da sa ran rabon zai riƙe ta. Kowane ɗan majalisa yana son kwaleji a mazaɓarsa. Ita kanta gwamnatin tarayya a watan Agustan 2025 sai da ta ce ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai, don an yi yawa, kuɗin kuma bai ƙaru daidai da yawan ba. Tuwon mutum biyar ne aka kira mutum ashirin.

Sannan akwai waɗanda ko wannan ba su samu. Dokar 2011 jami'a ta ambata, da poli, da kwalejin ilimi. Kwalejojin kiwon lafiya, na aikin gona, irin waɗanda 'ya'yan talakawa suka fi cika, ba a rubuta su a ciki ba. Ga maganar HND, wato babbar difloma ta poli, da digiri, wadda majalisa ta amince da ƙudurin daidaita su tun 2021 ba a sa masa hannu ba... to, wannan in na shiga ba za mu fita yau ba, mu bar shi.

Mu dawo kan yarinya. Hanyar da na ce maka ita ce NELFUND, asusun lamunin ɗalibai. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar farko a Yunin 2023, aka ga sharuɗɗanta sun yi tsauri, aka sake wata a Afrilun 2024, aka buɗe shafin neman a watan Mayu na shekarar. A sabuwar an cire maganar kawo masu tsaya maka, an cire maganar sai kuɗin shigar gidanku bai wuce kaza ba. Kwalejin ilimi ta gwamnati tana ciki, poli tana ciki, ba jami'a kaɗai ba kamar yadda mutane suka ɗauka. Makarantar kuɗi ce babu. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ba ya biyowa ta hannunka, sannan in ta nemi na kashewa ana tura mata naira dubu 20 a wata cikin asusunta na banki.

Amma Yaya, bashi ne. Ina nanata wannan don na ji a zauren nan ana kiransa tallafi. Bashi ne da sunanta, ba da sunanka ba. Babu kuɗin ruwa a kai, wannan na san shi ne abin da Baffa zai fara tambaya, babu. Tsarin biya shi ne bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, in mutum ya samu aiki, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na abin da yake samu. Don haka a zaunar da ita a gaya mata, ita da mahaifiyarta, kada a ci mata bashi ba da saninta ba. Yarinya ce mai hankali, za ta gane.

Akwai kuma wanda zai tuna maka alkawarin zamanin Buhari, da aka sanar a 2021 cewa ɗaliban NCE, wato masu karatun shaidar malanta a kwalejin ilimi, za su riƙa samun dubu 50 kowane zangon karatu, masu digirin ilimi dubu 75. An faɗa, gaskiya ne, minista Adamu Adamu ne a lokacin. Ni dai kada ka gina lissafinka a kai. In ya zo alhamdulillahi. Haka na hukumar tallafin karatu ta jiha, ta cike in an buɗe, ba a raina shi, amma ba ya zuwa lokacin da ake rufe rajista.

Na ce ka tanadi kuɗinka, bari in fayyace, kada ka ce na saɓa wa kaina. Ba ta isa ta nemi lamunin ba sai makarantar ta ɗora sunanta a shafin NELFUND. Sau da yawa kafin kuɗin ya sauko an rufe rajista. Shi ya sa na zangon farko yawanci daga aljihu yake fita. In ka biya sannan NELFUND ta biya, makaranta ce za ta mayar maka da naka, don haka risit ɗin nan ka adana shi, ka yi masa hoto a waya ma. Na ga iyayen da suka yi ta sintiri a ofishin kuɗi saboda takarda ɗaya ta ɓata.

Abin da za ta tanada: lambar JAMB da takardar shigar da JAMB ta bayar, lambar NIN, da BVN, da asusun banki mai sunanta ita kanta. A duba sunan ya zo iri ɗaya a ko'ina, don in NIN ta rubuta suna da wani harafi, JAMB ta rubuta da wani, nan take za a maƙale. In kuma ba ta hannun JAMB ta shiga ba, kwaleji ce ta ba ta gurbin kai tsaye, to sai an fara daidaita wannan tukuna, ka gaya mini da wuri. Neman kyauta ne, ba a biyan kowa, in ban da ladan mai shagon intanet in a can aka cike. Ka turo mini hoton takardar shigarta ta gefe, ba a zauren nan ba, in duba wane iri ce.