Hukuncin cike tafkin da kwaɗon bishiya ke hayayyafa a ciki

Tambaya: Akramakallahu, ni ɗalibi ne a ƙasar Indiya. Na kai ziyara wata gonar shayi a tsaunukan Anamalai, aka nuna mini wani koren kwaɗo mai fata shimfiɗe tsakanin yatsunsa, yana dira daga reshe zuwa reshe kamar an ɗaura masa lema. Mai gonar Musulmi ne, yana son sare bishiyoyin gefen wani ɗan tafki ya cike shi da ƙasa. Ya ce ai ba kwaɗo zai kashe ba, gona zai faɗaɗa. Yana da laifi?

Amsa: Alhamdu lillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Abdurrahman bin Usman cewa wani mai magani ya tambayi Annabi (SAW) game da kwaɗon da zai sa a magani, sai ya hana kashe shi. Na san a mazhabar Malik an halatta cin kwaɗo, amma wannan wata mas'ala ce daban. Babu malamin da ya halatta ƙarar da shi a banza.

Maganar mai gonar ce ke buƙatar a tsaya a kanta. Wannan kwaɗo, wanda masana ba su bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa ba sai a 2000, ba a san shi a ko'ina ba sai a waɗannan tsaunuka da maƙwabtansu, a jihohin Tamil Nadu da Kerala na Indiya. Macen takan kaɗa kumfa da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai a ciki, a jikin ganyen da ya leƙo kan ruwa. In sun ƙyanƙyashe, sai 'ya'yan su faɗo cikin tafkin su girma. To wanda ya sare reshen kuma ya cike ruwan, me ya bar musu? Malaman fiƙihu sun raba ɓarna gida biyu, ta mubashara da ta tasabbubi, wato ka kashe da hannunka ko ka zama sanadi, kuma duka biyun akwai alhaki in mutum ya sani. Shi kuwa yanzu ya sani.

Allah ya kira dabbobi "al'ummomi irinku" a Suratul An'am, aya ta 38. A Bukhari da Muslim kuma an zargi wani Annabi da ya ƙone gidan tururuwa saboda guda ɗaya ta cije shi. In gida ɗaya ya jawo zargi, ina ga abin da zai iya shafe jinsi kacokan?

Noma halal ne, gonarsa kuma mallakinsa ce, ba mu hana shi gyara ta. Hukuncin dai shi ne: bai halatta ya cike tafkin ba matuƙar akwai wata hanyar faɗaɗa gonar, don cuta ana kawar da ita ne. In lalura ta gaske ta matsa, ya jira lokacin hayayyafa ya wuce, ya haƙa wani tafkin kusa, ya bar bishiyoyi a bakinsa. In hukuma ta killace wurin, bin dokar wajibi ne, kamar yadda Annabi (SAW) ya killace filin kiwo na Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya killace na Rabaza.

Ka faɗa masa cikin ladabi, ka ƙara da cewa kwaɗon ƙwari yake ci, ba ganyen shayinsa ba.

Wallahu a'alam.