Li Na guda nawa ce? Amsa ga mai shirin wasanni da sunan ya rikita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina gabatar da shirin wasanni a wani gidan rediyo a Katsina. A makon jiya na kawo tarihin Li Na, 'yar wasan tanis ta ƙasar Sin, har na ce ta ci zinare a wasan tsunduma ruwa a gasar Olamfik ta 2000 kafin ta koma tanis, kamar yadda na gani a wani bidiyo. Bayan shirin wani mai sauraro ya bugo ya ce ƙarya na yi. Da na koma bincike sai na ƙara rikicewa: wani wuri an ce an haife ta a 1981, wani 1982, wani kuma 1984. Abokin aikina ya ce ai Sinawa sun saba rage shekarun 'yan wasansu, in fito in tona asirin a shiri na gaba. Hankalina a tashe yake, ina tsoron kada shugabannina su ce na zubar da mutuncin gidan. Me zan faɗa ranar Asabar?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, amma mai sauraron nan ya fi ka gaskiya, kuma abokin aikinka yana neman ya tura ka rami mafi zurfi. Ba mace ɗaya ce mai shekarun haihuwa uku ba. Mata uku ne, kowacce da iyayenta da garinta da wasanta.

Wadda ka yi shiri a kanta an haife ta ranar 26 ga Fabrairun 1982 a birnin Wuhan. Da badminton ta fara tana ƙarama, sannan aka mayar da ita tanis. Ta ci gasar French Open a 2011 bayan ta doke Francesca Schiavone ta Italiya, ta ci Australian Open a 2014, ta kai matsayi na biyu a duniya, sannan ciwon gwiwa ya sa ta yi ritaya a watan Satumban wannan shekarar. Ba ta taɓa cin lambar Olamfik ba, ko ta tagulla. Mafi kusa da ta yi shi ne na huɗu a Beijin a 2008. Mai zinaren tsunduma ruwa ita ce 'yar 1984, 'yar Hefei, wadda ta ci na 'yan bibbiyu daga dandamali mai tsayin mita 10 tare da Sang Xue a gasar Olamfik ta 2000 a Sidni, ta kuma ƙara da azurfa a na ɗaiɗaiku. 'Yar 1981 kuwa wasan takobi take yi, daga lardin Liaoning. Dukansu uku sun je Sidni a 2000 cikin tawaga ɗaya. A Olamfik ta Landan a 2012 ma, Li Na ta tanis a zagayen farko Daniela Hantuchova ta fitar da ita, Li Na ta takobi kuma ta koma gida da zinaren ƙungiya. Wanda ya ce an fitar da Li Na bai yi ƙarya ba, wanda ya ce Li Na ta ci zinare shi ma bai yi ƙarya ba. Akwai ma ta huɗu, 'yar tseren keke da ta zama zakarar duniya a 2002.

Ba sai na koya maka cewa Sinawa da sunan zuri'a suke farawa ba, mai shirin wasanni ya san wannan. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ƙarancin sunayen zuri'ar. Mutane fiye da biliyan ɗaya da miliyan 400, amma sunaye 100 kacal sun ɗauke kusan kashi 85 cikin 100 nasu. Masu Wang sun kai kimanin miliyan 100, masu Li ma haka, Zhang na biye da su. Sai kuma yayi ya shigo: a shekarun 1980 iyaye da yawa sun so sunan yanka mai gaɓa ɗaya, kuma Na yana cikin waɗanda aka fi raɗa wa 'ya'ya mata. Alƙaluman ma'aikatar tsaron jama'a ta Sin sun nuna masu suna Zhang Wei sun kusa dubu 300, masu Li Na sun haura dubu 200. To don uku daga cikinsu sun haɗu a gasa ɗaya, ina abin mamakin? Mu ma ai saboda yawan su Shehu da Aminu da Abubakar muke liƙa sunan gari, shi ya ba mu Shagari da Kano da Tafawa Balewa. Su ba su da wannan al'adar a takardun hukuma.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don shekara da shekaru ina aikin tafinta tsakanin Sinanci da Hausa, kuma kusan kullum sai na yi karo da shi: tunanin cewa idan rubutun boko ya zo ɗaya, to mutumin ma ɗaya ne. Wannan tunani ya zubar da mutuncin masu labarai, ya ɓata sunan bayin Allah, ya kuma cinye jarin 'yan kasuwa.

Abin da kake gani a allon talabijin, wato Li Na ko Wang Hao, ba shi ne ainihin sunan ba. Pinyin ne, tsarin rubuta lafazin Sinanci da haruffan boko da gwamnatin Sin ta amince da shi a 1958. Sinanci na da karin sauti huɗu, pinyin na da alamominsu, amma a fasfo da allon sakamako duk zubar da su ake yi. Bahaushe ya fi kowa cancantar ya gane wannan. Rubuta "gari" a takarda ka miƙa wa mutum: na zama kake nufi ko na tuwo? Rubuta "kuka": bishiya ce ko hawaye? Mu jimla ce ke cetonmu. Suna kuwa ba shi da jimla, tsirara yake zuwa. Matsalar Sinanci ma ta zarce tamu, domin ko karin sautin ya zo ɗaya, haruffan na iya bambanta, kuma harafin shi ne sunan.

Dubi Yang Yang biyu na tseren gudu kan ƙanƙara. Lafazi ɗaya, kari ɗaya, amma ɗaya 杨扬 ce ɗaya kuma 杨阳. Tare suka yi gudun ba-ni-in-ba-ka a Olamfik ta hunturu a Nagano a 1998 da Salt Lake City a 2002, suna cin azurfa. Dole ta sa aka liƙa musu haruffa, A da S, daga sunayen watannin haihuwarsu na Agusta da Satumba. Mai A ɗin ita ce ta fara ciyo wa Sin zinare a gasar Olamfik ta hunturu a 2002, kuma ita ce ta zama mataimakiyar shugaban WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, a 2020. Ka ga idan masu shirya gasa da kansu sai da suka nemi dabarar rarrabewa, ta yaya mai waya ɗaya a hannu zai ɗauka ya gama bincike da sakamakon farko na Google?

Haka Liu Xiang. Akwai namiji ɗan Shanghai mai gudun tsallake shinge na mita 110, wanda ya ci zinaren Olamfik a Atens a 2004, ya kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.88 a 2006. Akwai kuma mace 'yar ninƙaya da ta kafa tarihin duniya a iyon rigingine na mita 50 a Jakarta a 2018. Harafinsu na biyu daban ne. Ita kanta Li Na tana da wata takwarar boko, 'yar Mao Zedong, tsohon shugaban Sin, da aka haifa a 1940. Sunanta 李讷, na 'yar tanis kuma 李娜. Mai karanta Sinanci ba zai taɓa haɗa su ba, amma na ji da kunnena wani yana rantsuwa cewa 'yar tanis ɗin jinin Mao ce, shi ya sa aka ɗaukaka ta. Yarinyar da mahaifinta ya rasu tana 'yar shekara 14, ta yi ta fama har ta kai inda ta kai, a zo a kwashe guminta a ba wa alfarmar da ba ta taɓa samu ba! Wannan zalunci ne, ko da mai yin sa bai sani ba.

Kada kuma ka ce da ka ga haruffan sun zo ɗaya magana ta ƙare. Li Na ukun da muka fara da su duk 李娜 ne. A Atens a 2004 Li Ting ta ci zinaren tanis na 'yan bibbiyu da Sun Tiantian, wata Li Ting ta ci zinaren tsunduma ruwa da Lao Lishi, gasa ɗaya, haruffa ɗaya. Liu Yang ita ce Basiniya ta farko da ta je sararin samaniya, cikin kumbon Shenzhou 9 a watan Yunin 2012. Liu Yang kuma shi ne ɗan wasan lanƙwashe jiki da ya ci zinare a kan zobba a Olamfik ta Tokyo, ya maimaita a Paris a 2024. Wang Hao na ƙwallon tebur, wanda ya yi na biyu a Olamfik sau uku a jere a 2004 da 2008 da 2012, ba shi ne Wang Hao gwanin darar Turawa da ya ci babbar gasa a 2019 ba. Ga kuma akasin haka, inda sunan zuri'a ɗaya ke fitowa da rubutu iri-iri: Chen na Beijin shi ne Chan a Hong Kong, shi ne Tan a Singafo da Malesiya. Lee na Lee Chong Wei, gwanin badminton na Malesiya, harafi ɗaya ne da Li na Li Na.

Masu haɗa bidiyon nan na TikTok da Facebook ba ruwansu da duk wannan. Su buga suna, su kwashe duk abin da ya fito, su haɗa hoton wannan da lambar waccan, su ɗora murya mai daɗi, ga "mace mai baiwa bakwai". Idan ka yi musu gyara sai su ce ai Sinawa duk kamarsu ɗaya. Wannan magana tana ƙona mini rai. Mu da muke jin zafi idan aka ce baƙaƙe duk ɗaya ne, ko aka ɗora wa Bahaushe laifin wani don kawai sunansu Musa, bai kamata ta fito daga bakinmu ba.

Shawarar abokin aikinka ita ce mafi haɗari a cikin wasiƙarka. Ba na cewa ba a taɓa kama Sin da maguɗin shekaru ba. An kama. A 2010 kwamitin Olamfik na duniya ya ƙwace tagullar da 'yan matan Sin suka ci a wasan lanƙwashe jiki na ƙungiya a Sidni, aka ba Amurka, bayan an tabbatar Dong Fangxiao shekararta 14 a lokacin, alhali doka ta ce 16. Amma da me aka kama ta? Da takardun mutum ɗaya da suka saɓa wa juna, bayan dogon bincike. Kai abin da ke hannunka takardun mutum uku ne da babu wadda ta saɓa wa kanta. Ka hau iska ka ce Li Na ta rage shekaru, ka tashi daga kuskure ka koma ƙazafi. Kuskure ana gyara shi da minti ɗaya. Ƙazafi kuwa sai an yanki muryarka an watsa a WhatsApp, ya kai inda gyaranka ba zai taɓa kaiwa ba, kuma alhakin yana wuyanka ko da wadda ka yi wa ba ta san akwai Katsina a duniya ba. Nisan mutum ba ya halatta naman jikinsa. Mun taso ana faɗa mana cewa idan labari ya zo a bincika kafin a yaɗa, ba a ce sai in ya shafi ɗan unguwa ba.

Tun da 'yan kasuwa ma na sauraronka, ka isar musu da wannan. Na taɓa yi wa wani Alhaji tafinta a Guangzhou bayan ya tura kuɗin kaya asusun wani mutum, hujjarsa kawai ita ce sunan ya yi daidai da na katin da aka ba shi a masana'anta. Sunan ya yi daidai ƙwarai, amma mutumin daban ne, kuma wahalar da aka sha ba ta faɗuwa. Katin ɗan ƙasa na Sin yana da lamba mai alƙalami 18 da ranar haihuwa a cikinta, kowane kamfani mai rajista ma yana da tasa lambar mai gurbi 18 a jikin lasisinsa. A nemi sunan kamfani da haruffan Sinanci, a nemi lambar, a biya ta asusun kamfanin.

Kai kuma a aikinka, kada ka sake karanta sunan Basine a iska sai ka haɗa shi da abu uku: wasansa, shekarar haihuwarsa, da garinsu ko lardinsu. Ka duba shafin hukumar wasan, kamar WTA ga tanis na mata, ko na Olamfik, domin su da ranar haihuwa suke ajiye 'yan wasa. Idan tarihi ya nuna maka mutum ɗaya ya yi fice a wasanni biyu da ba su da alaƙa, ka tsaya nan, ka ƙirga shekaru, ka dubi hotuna.

Ranar Asabar kada ka jira a tambaye ka. Da buɗe shiri ka ce: a makon jiya na jingina wa Li Na ta tanis zinaren da ba nata ba, na wata Li Na ce 'yar Hefei, ina neman afuwa, ina kuma gode wa mai sauraron da ya ankarar da ni. Ka sanar da shugaban sashenku kafin ka shiga ɗakin watsa shiri, ya ji daga bakinka. Sauran lokacin ka ba su labarin matan nan uku da suka sauka Sidni da suna ɗaya, ka fara da 'yar shekara 16 ɗin da ta hau dandamalin mita 10, tun da zinarenta ka ba wa wata.