Ku Tambaya Mu Amsa: Kayana "antique" ne ko "vintage", ko kuwa tsohon kaya ne kawai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni maƙerin azurfa ne nan Tawa, ina yin zobba da awarwaro da sarƙar Agadas. Ƙanena da ya yi lakkwal ya buɗe mani shafi a Facebook, duk hoton da ya sa sai shi rubuta "ancient silver" ƙarƙashi, ya ce haka nasara ka so. To ga wata mata daga Amurka ta aiko tana tambaya wai kayan antique ne ko vintage, mu ko ba mu san mi za mu ce mata ba. Cikin kayan akwai waɗanda na ƙera bana, akwai munduwar kakata wadda ita ma gado ta yi wurin uwatta, akwai kuɗin azurfa guda biyu masu hoton mace da 1780 rubuce, sai keken ɗinki Singer na marigayi babana. Don Allah a fahimtar da ni.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam maƙeri, Allah ya ji ƙan baba, ya sa albarka a sana'a. Abu na farko ka ce ma ƙanenka ya goge ancient ɗin nan yau yau, kar a kai gobe. Na san inda ya samo ta, ancien ta Faransanci ce ya ɗauko ya ƙara mata harafi, amma a Ingilishi ancient ba ta shekara hamsin ko ɗari ba ce, ta dubbai ce, irin dalar Masar da ta kai wajen shekara 4500, ko Rum ta dā wadda masu tarihi ke rufe babinta a 476. A nan gida in kana son misali to raƙuman dawan nan da aka sassaƙa jikin dutse a Dabus arewa da Agadas, ko tukwanen ƙasa masu kan mutum na Bura a yammacin Nijar da masanin tarihi Boubé Gado ya tono a 1983, su ne ancient. Kuma irin waɗannan ba hajar sayarwa ba ne, muna da dokar 1997 da ke kare kayan tarihi, kayan Bura ma suna cikin jan kundin da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fidda saboda yadda aka yi ta satarsu ana fita da su. Ka ga ke nan kalma ɗaya tana iya sa duwan su riƙe maka ƙunshi a banza, alhali zoben da ke ciki kai ka hura masa wuta da hannunka watan jiya.

Antique kuma ita ce mai ƙa'ida a fili: shekara 100 ko fi. Ba ra'ayin dillalai ba ne kawai, a jadawalin kaya da duwan na duniya ke aiki da shi akwai lamba 9706 ta kayan da suka wuce shekara 100, Amurka ma a 1966 ta ɗauki wannan ma'auni wajen yafe harajin shigo da su. Munduwar kakarka tana iya shiga nan tunda ita ma gado ta yi, amma sai ka zauna da tsofaffin gidanku ku yi lissafi, wace shekara aka haifi kaka, yaushe aka yi auren uwarta, in lissafi ya wuce ɗari to ka rubuta antique da gaba gaɗi, in bai kai ba kar ka matsa masa. Kuma don Allah kar ka wanke ta da toka ko ka goge ta ta yi ƙyalli, wannan dushewar da ke jikinta da yadda cikinta ya yi sumul saboda gugar hannu har zanen bakin ya fara ɓacewa, shi mai saye ke nema, ka ɗauki hotonsa kusa kusa da rana. Ni dai in tawa ce ma ba zan sayar ba, abin da ya ratsa hannu uku a gida ɗaya ya fi ƙarfin jikkar da za a ba ka, amma wannan kai da danginka ne.

Kuɗin nan masu 1780 ka yi hankali da su sosai. Hoton sarauniya Mariya Tereza ce ta Ostiriya, ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba a canza ba, a ƙarni na 19 da na 20 duka, don ƴan kasuwar Larabawa da na Habasha da namu na nan sun saba da shi haka. Wanda aka buga a 1935 ma 1780 ke jikinsa. Saboda haka rubutun ba hujja ba ne, kar ka ce ma matar shekararsu 240 da wani abu, ka ce mata ga abin da ke rubuce, gado ne, amma ba ka da tabbacin shekarar bugu. Masu tara irin kuɗin nan sun san zancen sarai, gaskiyar da ka faɗa ce za ta sa su yarda da kai a sauran kayan.

Vintage ta fi sassauci. Asalinta daga masu noman inabi ne, shekarar da aka girbe shi suke nufi, shi ya sa har yanzu kalmar tana son a haɗa ta da zamani, a ce na shekarun 1960 ne ko na 1970. Galibi abin da ya kai shekara 20 amma bai kai 100 ba kuma yana da kyau ana sha'awarsa, kasuwar intanet ta Etsy ma 20 ɗin ta sa sharaɗi. Keken baba nan zai faɗa in dai Singer ne na gaske ba masu kama da shi ba, ka duba gaban keken ta hannun dama ƙasa akwai lamba da aka buga jikin ƙarfen, ƙanenka ya nemi lambar a intanet zai ga shekarar da aka ƙera shi, ka iske ma ya wuce ɗari don kamfanin tun 1851 yake.

Su kuma waɗanda ka ƙera bana ba su da buƙatar kowace kalmar tsufa, ka rubuta handmade, aikin hannu ke nan, ka ƙara traditional in samfurin na gargajiya ne, ka sa Tahoua, Niger. Wallahi akwai masu saye da yawa da suka fi son su san maƙerin yana raye kuma kuɗin hannunsa za su shiga.

TAMBAYA: Mushe ina kwana. Ni ɗaliba ce a lise nan Yamai, a jarabawa na fassara ancien ministre da ancient minister aka kashe mini, kuma na ce my father is an old man malamin ya ja layi ƙarƙashi. Mi ne laifina?

AMSA: Ɗiyata lafiya lau. Na farkon tarkon da ya kama ƙanen maƙeri ne ya kama ki. Mu da Hausa tsohon minista muke cewa ko da shekararsa 40, Faransanci ma haka, amma Ingilishi ya raba, wanda ya bar kujera former ne, former minister, former president. In kika ce ancient minister kamar kin ce ministan zamanin Fir'auna ne, ko kuma kina masa ba'a. Na biyun kuwa ba kuskuren nahawu ba ne, jimlarki daidai take, sai dai nauyin kalmar ne ya bambanta. Wurinmu ki ce ma mutum tsoho ko tsohuwa girmamawa ce, har uba ana ce masa tsohona cikin ƙauna, su kuwa old man takan zo da ɗan kaushi, shi ya sa suke kaucewa su ce elderly ko older. Elderly galibi ta mutane ce, ba a cika ce ma mota ko gida haka ba. In kina son dattijo mai faɗa a ji a gari kuma elder ce. Ni a ganina malamin ya kamata ya yi miki bayani maimakon jan layi kawai, ki same shi bayan aji ki tambaye shi.

TAMBAYA: Malam, ina saida waya da kayan okaziyo a Katako, wani abokin ciniki ɗan Gana ya ce wayoyina obsolete ne. Zagi ne?

AMSA: Ba zagi ba ne Alhaji, amma ba yabo ba ne kuma, so yake ka rage masa kuɗi. Obsolete abin da zamani ya wuce shi ne, ko da yana aiki an daina yayinsa don wani ya maye gurbinsa, kamar kaset ko kwamfuta mai Windows 7 da Microsoft ya daina kula da ita a Janairun 2020. Outdated ta fi ta sauƙi kaɗan, ana amfani da abin amma ya kwana biyu. Kayan okaziyo da bosho sunansu used ko second-hand, kar ka ce masa occasion don a Ingilishi biki ko wani lokaci na musamman take nufi, ba zai gane ba. Sai dai ka duba cikin kwalinka da kyau, Nokia 3310 ta asali a 2000 ta fito, ta wuce shekara 20 ke nan, akwai masu nemanta a matsayin vintage. Wadda aka sake fiddawa a 2017 mai launi da kamara ita ce ake ce ma retro, wato sabon abu da aka yi shi da kamannin na dā, kar ka haɗa su kuɗi ɗaya. In ya dawo ka nuna masa ta asalin, ka kunna ta a gabansa ya ga batir na riƙe caji.