Amsa ga Yaya kan zawo a lokacin gashin ciwon daji a mara

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Yaya, na saurari muryarki. Kin ce an ba Inna ranar fara gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura, a asibitin Shika saboda ciwon dajin bakin mahaifa, kuma an tsorata ku cewa gashin yana lalata hanji. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Bari in amsa a nan kowa ya ji.

Eh, hasken na'urar yana taɓa hanji, tunda mahaifa da mafitsara da dubura da ƙaramin hanji duk a cushe suke cikin mara. Yawanci zama 25 ake yi, Litinin zuwa Juma'a, mako 5 ke nan. Makon farko lafiya lau, sai a na 2 ko na 3 zawo ya taso, da murɗar ciki, da yawan jin bayan gida amma in an je ba abin kirki. In ana haɗa mata da ruwan kemo, wato maganin daji da ake sakawa ta jijiya, duk mako, ya fi tsanani. Amma wallahi ana rage shi sosai.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne maganar ruwa. In sun ce ta sha ruwa ta riƙe fitsari kafin ta hau na'ura, to ba wahalar da ita ake so a yi ba. Mafitsara in ta cika tana tura ƙaramin hanji sama, ya kauce wa hanyar hasken. Kin san iyayenmu da kunya, sai ta ce bari ta ɗan zaga, ta je ta zubar a ɓoye kafin a kira sunanta. Ki zauna kusa da ita a kan bencin nan, gorar ruwa a hannunki, kina duba agogo. Yawan ruwan da mintunan da suka faɗa ranar ɗaukar hoton tsara aikin, su za a maimaita kullum. In layi ya yi tsawo ta matsu, a gaya wa ma'aikata. Kuma ta yi ƙoƙarin yin bayan gida tun kafin ku bar gida.

Sai abinci. Da zarar cikin ya fara, a ajiye yaji da attaruhu, da soye-soye, da wake da ƙosai da alale saboda iska, da kwaɗon zogale da ɗanyen ganye. Fura da nono ma a dakata a ga yadda cikin zai yi, don wasu madara ke ƙara musu zawon. A ba ta tuwon shinkafa da miya marar yaji, koko, ayaba, dafaffen dankali, ƙwai, kifi. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Kada a hana ta ci don tsoro, in ta rame jikin ba zai ɗauki aikin ba.

ORS ya zauna a gida, ƙunshi 1 a ruwa lita 1 mai tsabta. Maganin tsayar da zawo irin su loperamide, likitanta ne zai rubuta. Jiƙe-jiƙen basir da na wankin ciki kuwa, don girman Allah a kawar da su daga ɗakinta, ko wa ya kawo, domin hanjin ya riga ya yi rauni.

In ta ga jini, ko zazzaɓi, ko jiri, ko fitsari ya ragu, ko zawon ya wuce sau 4 a kan abin da ta saba a rana, a koma asibiti ranar. Kada ku yanke mata hutu da kanku. Wannan ciwon ana so a kammala gashinsa duka kada ya wuce mako 8, tsallake ranaku yana ba shi damar farfaɗowa.

Zawon yakan lafa makonni kaɗan bayan an gama. Amma ko bayan wata 6 ko shekara ta ga jini a bayan gida, kada a ce basir ne kawai, a kai ta da katinta a ce an taɓa yi mata gashin mara. A gaida Inna da jiki.