Muryar da Yaya ya turo kan laftof ɗin da waifai ke sa wa zafi

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanwata na ga hoton da kika turo tun azahar, ki yi haƙuri ina kan hanya ne, kuma abin ya fi ƙarfin rubutu shi ya sa na ce bari kawai in yi murya. Ga waɗanda ba su bi zancen ba, cewa ta yi da zarar ta jona waifai sai fankar laftof ɗinta ta hau kuka kamar injin markaɗe, ƙasanta ya ɗau zafi har ba ta iya ɗora ta a cinya, caji kuma ba ya kai awa ɗaya, da ta buɗe Task Manager, wato inda ake ganin abubuwan da ke aiki a kwamfuta, sai ta ga wani abu wai shi wlanext.exe ya riƙe kashi talatin da wani abu na furosesa alhali ko burauza ba ta buɗe ba. Sai wani ɗan'uwa a nan ya ce mata bairos ne ta kai a yi mata fomatin.

To dan Allah kar ki kai fomatin tukuna, ga furojet ɗinki a ciki, kuma in ba a yi sa'a ba a goge komai a sake zuba miki abin da ya jawo matsalar, kin ga an yi ba a yi ba ke nan. Shi wannan wlanext ɗin ɗan gida ne, na Windows ne da kansa. Abin da ke faruwa, katin waifai ɗin da ke cikin laftof ba Microsoft ne suka ƙera shi ba, ko Intel ne ko Realtek ko Qualcomm ko MediaTek, kuma masu katin sukan haɗo da wani ɗan ƙarin kodi nasu, to shi Windows ba ya yarda ya cusa wannan kodin a cikin babban sabis ɗinsa na waifai wanda ake kira WLAN AutoConfig, sai ya ware masa ɗaki daban, ɗakin nan shi ne wlanext. Kamar gidan haya ne, sunan mai gida ne a bakin ƙofa amma mai kunna rediyo da tsakar dare ɗan haya ne. Wato yawanci direban katin, manhajar da ke sarrafa shi, shi ne ya rikice yake ta juyi a wuri ɗaya.

Amma dan hankalinki ya kwanta kan maganar bairos ɗin, ki danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, ki shiga Details, ki nemo shi ki danna masa dama ki zaɓi Open file location. In ya kai ki Windows, System32, to na gaske ne. In kuwa kika tsinci kanki a Temp ko AppData ko Downloads, to nan ɗan'uwanmu ya yi gaskiya, wani ne ya ari sunan, sai ki sa Windows Security ya yi Full scan ki tsaya a nan ki faɗa min.

Yauwa, sai ɗan gwaji da ba ya cin ko sisi. Ki bar Task Manager a buɗe ki kunna Airplane mode ki zuba ido minti biyu. In lambar ta faɗo fanka ta yi shiru, mun kama ɓarawo. Sai ki kashe Airplane mode ɗin ki jona wani hotsifot daban, na ƙawarki ko na maƙwabta, dan wani lokacin da netwok ɗaya tak yake wannan haukan, in haka ne Forget kawai za ki yi wa wancan ki sake sa faswod, shi ke nan. Kuma ki yi Restart, ba Shut down ba, ki ji ni da kyau, dan tun Windows 8 akwai abin da suke kira Fast Startup, in kika yi Shut down ba ya sauke direbobi gaba ɗaya, adana su yake ya dawo miki da su yadda suke da ciwonsu. Mutane da yawa sai su ce ai kullum ina kashe ta, eh kina kashewa amma ba ta taɓa yin barcin kirki ba.

Tsayar da shi da End task a Task Manager kuma ɓata lokaci ne, waifai zai ɗauke ko abin ya dawo an jima. Kar kuma ki bi masu cewa a shiga Services a kashe WLAN AutoConfig, zafin zai tafi tabbas, amma da waifai ɗin gaba ɗaya zai tafi, an kashe maciji an rushe ɗaki.

To ga ainihin aikin. Maɓallin Windows da X, Device Manager, Network adapters, ki nemi wanda ke da Wireless ko Wi-Fi ko 802.11 a sunansa, ki rubuta sunan a takarda. Danna shi sau biyu, ki shiga Driver, ki duba Roll Back Driver. In yana dannuwa, kuma dama bayan wani ofdet abin ya fara, danna ki koma tsohon, sau da yawa nan zance yake ƙarewa. In ya yi fari-fari ba ya dannuwa to sai an sauke direban an ɗora sabo, kuma nan ne nake so ki nutsu: ki fara sauko da sabon ki ajiye a Desktop kafin ki cire tsohon. Daga shafin kamfanin laftof ɗinki za ki ɗauko, ki sa lambar model ko serial da ke rubuce a ƙasanta. Wancan Update driver ɗin na Device Manager kusan kullum ce miki zai yi wai wanda ya fi kyau ne a kai, kar ki saurare shi.

Ni wallahi abin nan ya taɓa cina. Wata laftof ta gwanjo na saya, mai shagon ya zuba mata direbobi da irin manhajar nan da ke jibga komai a dunƙule, waifai yana yi amma zafi ba a magana. Ƙarfe goma sha ɗayan dare na zauna da ƙarfin hali na danna Uninstall ban sauko da komai ba, na yi ristat, na duba ƙasan allo babu ko alamar waifai, sai wata 'yar ƙwallon duniya tana kallona ina kallonta, ga aikin da zan miƙa da safe. Abin da ya cece ni kebul ɗin caji, na jona waya na kunna USB tethering na sauko da direban da datar waya. To ki ajiye kebul a kusa ko da kin shirya.

In kin sauko da sabon direban, ki koma Device Manager, danna dama a kan katin, Uninstall device, za ki ga ɗan akwati a ƙasa, a Windows 10 an rubuta Delete the driver software for this device, a 11 kuma Attempt to remove the driver, lallai ki yi masa tik, in ba haka ba shi ɗin dai zai sake ɗorawa. Ristat, ki buɗe fayil ɗin da kika ajiye, ki sake ristat. Af, in akwai Power Management a wajen katin ki cire tik ɗin Allow the computer to turn off this device to save power, wasu katunan wajen kwanciya da tashin ne suke ruɗewa. Sannan ki leƙa jerin manhajojinki, in akwai tsohon VPN da ba kya amfani da shi ko wata manhajar sarrafa waifai ta daban ki cire, direba biyu a mota ɗaya ba a zuwa ko'ina.

In duk an yi yana nan, akwai Network reset a Settings wajen Network and Internet, zai ba ki minti biyar ya yi ristat da kansa, amma duk faswod ɗin waifai da ta haddace zai goge, ki tanadi naki. In shi ma bai yi ba sai mu fara zargin katin kansa, ɗan ƙarami ne da wayoyin eriya biyu siriri, a laftof da yawa sukuru ɗaya ke riƙe da shi, mai gyara zai canza ba tare da ya taɓa fayil ɗinki ba, ko ki sayi ɗan waifai na USB ki huta.

Yanzu dai ki fara da Airplane mode ɗin da Restart, ki ɗauko min hoton shafin Driver ɗin nan inda Driver Date da Driver Version suke, da sunan katin. Ga shi an kira magariba, in na fito masallaci zan duba.