Saura kati ɗaya in cika fulash: in bi ko in ajiye?

Tambaya: Ina buga poka irin ta Texas Hold'em a teburin kuɗi. Sau da yawa idan an buɗe fulof, wato katuna uku na farko da ake shimfiɗa wa kowa a tebur, sai in ga, in na haɗa da biyun da ke hannuna, ina da huɗu masu zane ɗaya, saura guda in cika fulash, wato biyar masu zane ɗaya. An ce damata kashi 35 cikin 100 ce, shi ya sa kullum nake bi, wato in sa daidai kuɗin da aka zuba in ci gaba da wasa, amma kuɗina sai raguwa suke. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, lissafin 35 ɗin gaskiya ne, sai dai na wanda zai ga kati na huɗu da na biyar na tebur ne duka. Kai kuwa kuɗin da ka zuba a fulof kati ɗaya tak ya saya maka. Cikin katuna 47 da ba ka gani ba, 9 ne za su cika maka, wato kusan kashi 19. In bai zo ba, abokin wasanka zai iya sake ɗora maka wani kuɗin, galibi mafi tsoka.

A ce akwai 100 a tsakiya, ya zuba 50. Za ka sa 50 don ka kwashi 200, kenan kana buƙatar kashi 25, alhali 19 gare ka. Giɓin nan ba ya cikewa sai in kana da yaƙinin cewa ranar da katinka ya zo, zai ƙara biyanka kamar 60. Don haka kafin ka bi, dubi abin da ke gabansa, ka tuna halinsa. Mai ɗan kuɗi kaɗan, ko wanda ke janyewa da zarar ya ga zane uku sun haɗu a tebur, ba zai biya ka ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne kalmar "kullum". Mai bi kawai hanyar cinsa ɗaya ce. Wanda ya zuba ko ya ƙara yana da biyu: ko a ajiye masa nan take, ko katinsa ya zo. Wannan ya fi armashi idan kai ne na ƙarshe a zagayen kuma mutum ɗaya kake fuskanta, don in bai ƙara zubawa ba kana iya ganin kati na biyar kyauta.

Ka kuma bambanta fulash mai as, katin da ya fi kowanne girma, da na ƙananan katuna. Idan mutum uku ko huɗu na ciki, ƙaramin fulash kan cika ne ya tarar da babba, ya tafi da duk abin da ke gabanka. Irin wannan, in an zuba da yawa, ni ajiyewa nake yi.