Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya a kan ƙanenta da aka sako

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da haƙuri, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce ƙanenki ya dawo gida bayan wata huɗu a tsare, raunukan jikinsa sun bushe, amma ba ya barci, hannunsa na dama ko kofin shayi ba ya iya riƙewa, lauya yana neman shaida, a gida kuma an fara cewa iska ce ta taɓa shi. Ni malamin jinya ne, na daɗe a sashen gaggawa, kuma irin wannan ya taɓa faɗo mana a kan ɗan yayata.

Mu da namu ya fito, murna ta hana mu tunani. Aka gasa masa jiki da ruwan zafi, aka kira mai ɗori, mahaifiyarsa ta ƙona rigar da ya dawo da ita don ba ta son ganin jinin. Sai bayan wata uku muka zauna gaban lauya, ba hoto, ba katin asibiti. Har yau abin yana ci mini rai, domin ni ne ma'aikacin lafiya a gidan. Mafi yawan raunukan fata suna warkewa cikin kamar mako shida, ƙaramar fashewar dodon kunne daga marin kunnuwa biyu lokaci guda kuwa tana iya haɗewa cikin kwana goma. Saboda haka ki fara tattara shaida yau, kada ki jira ranar kotu.

Ki sayi littafin rubutu guda, nasa shi kaɗai. Duk abin da ya faɗa a rubuta shi da kalmominsa, kada a gyara masa Hausa, kada a ƙara gishiri. Ranar da aka kama shi, inda aka kai shi, da me aka doke shi, a wace gaɓa, yana tsaye ne ko a rataye, an rufe masa ido ko ba a rufe ba, wa ke ɗakin tare da shi. In bai san kwanan wata ba, ya ce "kafin azumi" ko "daren da aka yi ruwa", a rubuta haka nan. Kada ki tsorata in yau ya ce kwana uku, gobe ya ce biyar. Wanda aka hana barci, aka buga masa kai, aka ajiye shi a duhu, lissafin lokaci yana rikice masa, likitocin wannan fanni sun san haka. Abin da ke ɓata shaida shi ne dangi su cike masa gurbin abin da ya manta.

Hotuna kuma, a ɗauka da rana, kowane tabo sau biyu: ɗaya daga nesa yadda za a ga fuskarsa da gaɓar, ɗaya daga kusa da rula a gefen tabon. A duba wuyan hannu da idon sawu inda ankwa ko mari ke ci, da sama da gwiwar hannu, da gadon baya, da tafin ƙafa. Shatin kulki ko sanda yakan fito layi biyu a jere da fili a tsakani, ƙunar taba kuma ɗan zagaye ne da bai wuce santimita ɗaya ba. Ki tura hotunan ga mutum ɗaya da kika amince da shi, waya tana ɓata. Amma kada a sa su a Facebook sai shi da lauyansa sun yarda.

Batun hannun nan shi ya fi tsaya mini. Akwai ɗaurin da ake kira tabay, wanda BBC ta yi bincike a kansa a 2020: a haɗa gwiwoyin hannu ta baya a ɗaure tamau, wani lokaci a rataye mutum a haka. Jijiyoyin da suka taso daga wuya suka bi ta kafaɗa zuwa yatsu su ne ke miƙewa ko su matsu, sai hannu ya mutu, ko ya riƙa jin kamar ana tsira masa allura, nama ya fara zubewa. Fata lafiya lau, ɓarnar tana ciki. Mai ɗori ba shi da aiki a nan, likitan jijiya da masu gashin ƙashi ake nema, kuma jinkiri yana rage abin da za a iya dawowa da shi. Haka dukan tafin ƙafa: ba ya barin tabo sosai, amma bayan shekaru mutum na tafiya kamar yana taka ƙaya. Ki kuma tambaye shi ko fitsarinsa ya taɓa yin baƙi kamar shayi bayan dukan. In ya yi, a gwada ƙodarsa.

In kun je asibiti, ki roƙi likita ya rubuta labarin da kalmomin yaron, ya zana wurin kowane tabo da girmansa, ku karɓi kwafi mai sa hannu da hatimi. Akwai kundin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki da shi tun 1999, ana ce masa Ƙa'idar Istanbul, an sabunta shi a 2022. A tsarinsa likita yana auna yadda rauni ya dace da labarin ne, daga "bai dace ba" har zuwa "ba abin da zai jawo wannan sai abin da ya faɗa". Kundin ya kuma bayyana cewa rashin tabo ba hujja ba ce ta cewa ba a azabtar da mutum ba. Ki faɗa wa lauyanku wannan. Dokar Najeriya ta hana azabtarwa ta 2017 ta ba wanda aka tsare damar neman likitan da ya zaɓa ya duba jikinsa da hankalinsa, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga mai laifi. Kuna iya kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ba a biyan kuɗi.

Yanzu maganar iska. Ɗan yayata ya yi kusan shekara in ya ji ƙarar mukulli sai ya miƙe tsaye yana rawar jiki. Ba ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa. Yaro mai fara'a ya koma faɗa da kowa, har ƙannensa suna gudunsa. Wannan ciwo ne sananne: mugun mafarki, zabura, ganin abin kamar yanzu yake faruwa, guje wa duk abin da zai tuna masa, ciwon kai da na jiki da gwaji ba ya nunawa. Shi ma shaida ne. Ki riƙa rubutawa kullum: awa nawa ya yi barci, me ya firgita shi, me yake iya yi a da wanda yanzu ya gagare shi, kamar tuƙi ko zaman shago. Likitan ƙwaƙwalwa zai yi aiki da wannan, akwai su a Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. A yi masa addu'a da tofi, mu ma mun yi, amma don Allah kada kowa ya kai shi inda ake ɗaure mutum ko dukansa da sunan magani. Kin tuna gidan marin da aka buɗe a Rigasa a 2019, aka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Ki sa ido kuma kan ƙwaya, da yawa suna fara ta ne don neman barci. In ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a ranar za a kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai.

Akwai abin da ba zai taɓa faɗa miki ba saboda ke yayarsa ce. Tsirara da taɓa al'aura suna cikin abin da ake yi wa maza a irin wuraren nan, kuma kunya tana sa su binne shi. Namu sai bayan shekara biyu ya faɗa wa wani likita namiji, mu muna waje. Ki samo masa namiji da ya yarda da shi, ku ba su wuri. Ranar da ya ce ba ya son magana, a rufe littafin. Kada a taru a kansa kowa na tambaya, kada a tsaya masa ta baya, kada a tashe shi daga barci da girgiza, a kira sunansa daga bakin ƙofa. In yana son fitila a kunne har asuba, a bar masa ita.